Daga Kumbo Zuwa Aljihu: Tarihin Wasan Harbi na Sararin Samaniya da Hanyar da Ya Biyo Zuwa Ƙasar Yawuri

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin wasannin Hausawa sun daɗe suna ba da ƙarfi ga wasannin dandali da na tashe, irin su langa da dara da carafke, kuma sun kyauta, domin da ba su yi haka ba da wasu daga cikinsu sun salwanta. To, amma akwai wani wasa da ya shigo ƙasar nan a farkon ƙarnin da muke ciki, ya ci wa yara da samari lokaci mai yawa har na tsawon wajen shekara goma, sa'an nan ya ja da baya ba tare da ya sami kulawar da ta kamace shi ba. Wannan kuwa shi ne wasan kwamfuta wanda mai yin sa yake tuƙa wani ɗan ƙaramin kumbo a sararin samaniya, fagen yana gudana a gabansa ba tsayawa, abokan gaba suna ɓullowa daga gefen allo, shi kuma yana harbinsu yana kauce wa nasu harbin. A cikin wannan takarda za mu kira shi wasan harbi mai fage mai gudana.

Manufar takardar ita ce a bi salsalar wannan wasa tun daga inda aka ƙago shi, sa'an nan a nuna hanyar da ya biyo har ya iso hannun yaran bakin tafkin Kainji, watau ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga a Jihar Kabi. An zaɓi wannan yanki ne da gangan. Mutanensa suna cikin waɗanda suka ba da gonakinsu da gidajensu domin Nijeriya ta sami wutar lantarki, don haka a bisa ƙa'ida su ya kamata a ce sun riga kowa ɗanɗana kayan da ke aiki da ita. Abin da za mu nuna shi ne, sai da wasan ya shekara ashirin a duniya kafin ya zama na kowa a wannan yanki, kuma batirin wayar hannu ne ya kawo shi. Darasin da ke ciki shi ne, tarihin fasaha a ƙasarmu ba ya fahimtuwa sai an bi hanyar da kowace na'ura ta biyo, da abin da ya tare ta a kan hanyar.

2.0 Sararin Samaniya a Idon Bahaushe Kafin Zuwan Wasan

Ya kamata a fara da tuna cewa labarin sararin samaniya ya riga wasan isowa ƙasar Hausa da shekaru masu yawa. A ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, kuma a ranar 12 ga Afrilu, 1961, Yuri Gagarin ya kewaya duniya a cikin kumbo. Amurka ta tashi haiƙan domin ta kamo abokiyar hamayyarta. Daga cikin tashoshin da ta kakkafa a faɗin duniya don bin sawun kumbunanta na shirin Mercury, har da ɗaya a kusa da birnin Kano. Sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku a ranar 20 ga Fabrairu, 1962, tashar Kano tana cikin waɗanda suka yi magana da shi. Haka kuma a watan Agusta na 1963, Shugaba Kennedy da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi magana ta wayar tarho wadda ta bi ta tauraron Syncom 2, da taimakon wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Ikko.

Shekarar 1969 ita ce ta shigar da batun cikin harshe da adabi sosai. A watan Yuli na shekarar Apollo 11 ya sauka a kan wata. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon waƙa, Umaru Dembo ya fitar da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wata halitta daga sama ta ɗauki wani yaro yawon buɗe ido, har ciwon idon da ya game Afirka ta Yamma a lokacin ma ya sami sunan afolo. Kalmar kumbo, wadda a da sunan mazubi ce, ta sami sabuwar ma'ana, aka kuma sami 'yan sama jannati. Ita ma kalmar jirgi, wadda asalinta na ruwa ne, ta riga ta faɗaɗa ta ɗauki na ƙasa da na sama. Ke nan a ranar da yaron Yelwa ya fara ganin kumbo a fuskar waya, yana da sunan da zai kira shi da shi, kuma sunan bai bambanta da na abin da ke ɗaure a bakin ruwan garinsu ba.

3.0 Asalin Wasan

Wannan gasa ta Amurka da Rasha ita ce ta haifi wasan. A farkon 1962, daidai lokacin tafiyar Glenn, Steve Russell da abokansa a Cibiyar Fasaha ta Masacuset suka kammala wani wasa mai suna Spacewar! a kan kwamfuta ƙirar PDP-1. Kumbo biyu ne suke harbin juna, tauraro kuma a tsakiya yana janyo su. Kuɗin wannan kwamfuta ya kai dala 120,000, waɗanda aka ƙera kuma ba su wuce hamsin da 'yan kai ba, saboda haka wasan ya tsaya a hannun malaman jami'a da ɗalibansu. A 1971 Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kwaikwaye shi suka sa a cikin wani akwati mai tsayin mutum wanda sai an jefa masa kuɗi yake aiki, suka kira shi Computer Space. Bai karɓu sosai ba, domin ya yi wa mutane wuya, amma shi ya buɗe kasuwar akwatunan wasa masu cin sulalla.

Wanda ya girgiza duniya shi ne Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito na Japan a 1978. Dodanni 55 ne, sahu biyar, kowane sahu da 11, suna gangarowa sannu a hankali, mai wasa kuma yana ƙasa yana kai da komo yana harbi. Wani abin lura shi ne, gwargwadon raguwar dodannin, gwargwadon ƙaruwar saurinsu. Dalili kuwa shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, watau Intel 8080, tana samun sauƙin aiki in abin da za ta zana ya ragu. Nishikado ya ga haka ya bar shi, ya zama gishirin wasan. A 1979 kamfanin Namco ya biyo baya da Galaxian, mai launi, da taurari suna gangarawa a bayan fage.

Duk da haka, waɗannan wasanni suna da iyaka guda. Duniyarsu ba ta wuce faɗin allo ba. Abin da ido ya gani a dubawar farko shi ke nan, babu abin da ke bayan kwana.

4.0 Fage Mai Gudana

Duk wanda ya taɓa zama a cikin kwalekwale yana bin gaɓar Kwara ya san cewa, in ruwa ya kwanta, sai mutum ya ga kamar shi a tsaye yake, itatuwa da gidaje ne suke tahowa su wuce. Wannan ita ce dabarar fage mai gudana. Kumbon mai wasa yana nan kusan wuri ɗaya a kan allo, ƙasa da duwatsu da taurari ne ake ja su wuce ta bayansa. A yawancin na'urorin wancan zamani, ana ajiye hoton ƙasar ne a yanyanke, ƙananan murabba'ai masu ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance. Na'ura takan tura hoton gefe da ɗigo ɗaya ɗaya, in jeri guda ya faɗa ta hagu, sai ta ɗauko sabo daga ma'ajiya ta liƙa ta dama. Ta haka ƙaramar ma'ajiya take ɗaukar doguwar duniya, domin murabba'i ɗaya ana iya maimaita shi sau ɗari.

Wasanni biyu ne suka kafa wannan salo, duka a 1981. Na farko shi ne Defender, wanda Eugene Jarvis da abokan aikinsa suka yi wa kamfanin Williams na Shikago. A cikinsa mai wasa yana da ikon tafiya dama ko hagu, duniyar kuma a kewaye take, in ya miƙe zai dawo inda ya tashi. Aikinsa shi ne tsare wasu 'yan mutane da ke ƙasa kada baƙin halittu su sace su. A saman allo akwai 'yar taswira mai nuna abin da ke faruwa a inda ido bai kai ba. Yana da sandar tuƙi ɗaya da maɓallai biyar, abin da ya sa 'yan kasuwa suka ɗauka ba zai sayu ba sa'ad da aka fara nuna shi a ƙarshen 1980. Amma an sayar da akwatinsa fiye da 55,000.

Na biyu shi ne Scramble na kamfanin Konami na Japan. A nan an ƙwace wa mai wasa ikon tsayawa. Fage yana tafiya ko yana so ko ba ya so, ta cikin zango shida mabambanta: tuddai, da kogo, da birni, har zuwa sansanin abokan gaba. Ga kuma mai da ke ƙarewa, sai an fasa tankokin da ke ƙasa ake samun ƙari. Scramble ya bar tarihi a fannin shari'a ma, domin a ƙarar da kamfanin Stern, mai sayar da shi a Amurka, ya kai masu kwaikwayonsa, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 1982 cewa hoto da sautin wasan kwamfuta suna da haƙƙin mallaka.

Daga nan sai ƙari da gyara. Xevious na Masanobu Endo, wanda Namco ya fitar a 1983, ya juya tafiyar ta koma daga ƙasa zuwa sama. A 1985 Konami ya fitar da Gradius, wanda tun farko aka fara aikinsa da sunan Scramble na biyu. Shi ya daidaita tsarin da aka bi daga baya: mai wasa yana tsintar lada a hanya ya zaɓi irin makamin da zai ƙara, kuma a ƙarshen kowane zango akwai babban dodo mai cika allo wanda sai an kashe shi ake wucewa. R-Type na kamfanin Irem ya biyo a 1987. Kafin nan wasan ya riga ya shiga gidaje, ta na'urar Famicom da Nintendo ya fitar a Japan a watan Yuli na 1983, da kuma ƙananan kwamfutocin gida irin su Commodore 64, wadda Andrew Braybrook ya yi wa Uridium a Ingila a 1986.

5.0 Yawuri da Wutar Kainji

Yanzu sai mu juyo gida mu ga halin da ake ciki a waɗannan shekaru. Yawuri tsohuwar masarauta ce, tana cikin waɗanda tarihin Bayajida ya lasafta a Banza Bakwai, kuma tun fil azal kan hanya take. Mungo Park ya wuce ta nan kafin ya halaka a Busa a 1806, Richard Lander da ƙanensa John sun sauka a 1830. Daga baya kuma babbar hanyar mota da ta taso daga Ikko ta biyo ta Jabba da Kwantagora ta ratsa Yelwa, ta wuce Koko da Jega zuwa Sakkwato. Don haka ba za a ce nisa ne ya hana sabon abu isowa ba.

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka toshe kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita 130 da wani abu, kansa na arewa yana wajen Yelwa. An tashi mutane kimanin 44,000. Tsohuwar Busa ta nutse, haka ma tsibirai da yawa na Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya samo asali, tare da fadamun da suka yi suna wajen noman albasa. Da aka gama kafa injina takwas, ƙarfin tashar ya kai megawat 760. An ja wutar a kan manyan turaku zuwa Ikko da Kaduna, wani layin kuma ya nufi Birnin Kabi, daga can ya tsallaka zuwa Yamai. Amma wutar da ke kan irin waɗannan turaku ba ta shiga gida sai an gina tashar rage ƙarfinta an kuma ja ƙananan layuka, wannan kuwa shi ne abin da ƙauyukan bakin tafki suka daɗe suna jira. Kukan da yankunan madatsun ruwa suka yi ta yi shi ya kai ga dokar kafa hukumar HYPPADEC a 2010, watau shekara 42 bayan toshe kogin.

Akwatin wasa irin na Defender yana bukatar abu uku. Na farko, wuta tsayayya, domin yana ɗauke da talabijin a cikinsa, kuma ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi suna ƙona shi. Na biyu, kuɗin ƙasashen waje na sayo shi da kayan gyaransa. Shekarun da wasan ya yi tashe kuwa su ne shekarun da kuɗin man fetur ya ja baya: an shiga tsuke bakin aljihu a 1982, aka tsananta lasin shigo da kaya, sa'an nan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya naira. Nairar da ta fi dala daraja a 1980, sai ga shi a 1994 ana ba da 22 kafin a sami dala ɗaya a farashin hukuma. Na uku, sulalla masu daraja. An gina kasuwar wasan ne a kan kwabon yen 100 a Japan da na santi 25 a Amurka. A Nijeriya kuwa, ko da aka mai da kwabo 50 da naira ɗaya suka zama na ƙarfe a 1991, ba su daɗe ba mutane suka daina karɓarsu. Saboda haka akwatin ya tsaya a manyan birane, a otal-otal da wuraren shaƙatawar masu hali.

A shekarun 1990 an sami wata ƙofa. Masana'antun Taiwan da Sin sun yi ta ƙera kwaikwayon Famicom mai araha, da kaset ɗaya mai ɗauke da wasanni barkatai, kuma 'yan kasuwar Alaba da Anaca da Sabon Garin Kano suka yaɗa su. Wannan ya kai wasan gidajen ma'aikata da shagunan da yara ke biya su buga. Sai dai har yanzu ana bukatar talabijin, talabijin kuma tana bukatar wuta ko janareta. Ɗan masunci a ƙauyen Ngaski ko Shanga bai shiga lissafi ba tukuna.

6.0 Space Impact: Wasan Ya Shiga Aljihu

Abin da ya sauya al'amarin bai zo da sunan wasa ba. A watan Janairu na 2001, a zamanin Shugaba Obasanjo, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa a ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasin wayar hannu, kowane a kan dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki, Globacom ya biyo a 2003. Kafin wannan, layukan tarho masu aiki a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Sabis ya fara daga manyan birane, ya bi manyan hanyoyi, har ya kai garuruwa irin su Yelwa, daga nan ya bazu zuwa ƙauyuka.

Wayar da ta yi tashe a farkon wannan zamani ita ce Nokia 3310, ta kamfanin ƙasar Finlan, wadda ta fito a ƙarshen 2000 kuma aka sayar da miliyan 126 a duniya. Wasanni huɗu ne a cikinta: Snake II, watau maciji, da Pairs II, da Bantumi, wanda wasan gurabe da 'ya'ya ne irin ayo na Yarabawa, sai kuma Space Impact. Wannan na ƙarshe shi ne abin da takardar nan take bi. Duk wanda ya san Scramble da Gradius, da ya gan shi zai gane jikansu ne. Kumbo yana hagu yana fuskantar dama. Fage yana gudana ba tare da jiran kowa ba. Abokan gaba suna zuwa ayari ayari, kowane da irin tafiyarsa. Akwai harbi na kullum wanda ba ya ƙarewa, da makami na musamman mai adadi wanda ake tsinta a hanya. Rayukan mai wasa suna sama da siffar zuciya, maki kuma yana gefe, a ƙarshen kowane zango ga babban dodo yana jira. An matse wannan duka a cikin allo mara launi mai ɗigo 84 a kwance da 48 a tsaye, jimla 4,032. Allon Famicom yana da ɗigo 61,440, watau ya ninka wannan sau 15.

A ƙarshen 2003 Nokia 1100 ta fito, da Snake II da Space Impact+ a cikinta. An ƙera ta ne musamman domin ƙasashe irin namu: tana da tocila a ka, maɓallanta a rufe suke don ƙura, batirinta kuma, a faɗar kamfanin, yana iya kai awa 400 in ba a yi kira ba. An sayar da fiye da miliyan 250. Da Nokia ya ba da sanarwa a 2005 cewa ya sayar da waya ta biliyan ɗaya, wayar ƙirar 1100 ce, kuma a Nijeriya aka saye ta. A shekarar 2003 ɗin nan dai, a watan Satumba, aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, tauraron ɗan'adam na farko mallakar ƙasar nan, wanda aka ƙera a Ingila.

In muka koma ga bukatu ukun nan da aka zana a sama, za mu ga wayar ta warware su ɗaya bayan ɗaya. Maganar wuta, batir ya ɗauke ta, kuma masu shagon caji da ƙananan janareta suka mai da wuta abin saye da 'yan kuɗi kaɗan, caji ɗaya ya kai mutum kwanaki. Maganar kuɗin waje, ba wanda ya fitar da ko kwabo don wasa. Ɗan kasuwar kifi ko albasa ya sayi waya ne don ya ji farashi a Anaca ko Ikko kafin ya yi lodi, wasan ya biyo ta kyauta, kamar gyaran da ake yi wa mai sayen gero. Maganar sulalla kuwa, wasan ba ya cin kati, ba ya ma bukatar sabis. A lokacin da kiran minti ɗaya yake naira 50, wannan ba ƙaramin abu ba ne: waya takan wuni ba a yi kira da ita ba, amma hannun yara bai bar ta ta huta ba. A ƙara da cewa wasan ba ya neman karatun boko. Wanda bai san harafi ko ɗaya ba, da ya ga an buga sau biyu ya iya.

7.0 Aikin da ke Gaban Manazarta

Zamanin wannan wasa ya wuce. Wayoyin shafa masu Android sun maye gurbin na maɓalli a hannun samari, Nokia ya sayar wa Microsoft sashensa na waya a 2014, wasannin ƙwallo da na tseren mota da kallon bidiyo suka karɓe lokacin. Tsofaffin wayoyin suna ta mutuwa a cikin akwatunan masu gyara. Saboda haka muna ba da shawarwari uku.

Na farko, a tattara bayani daga baki. Yaron da yake da shekara 12 a 2005 an haife shi ne a 1993, yanzu magidanci ne, kuma bai manta ba. Sassan Hausa na jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya suna iya tura ɗalibai su tambayo: wayar wa ake ara, ta yaya ko ta baba? Wane lokaci ake bugawa, kuma ya rage wa dandali jama'a? 'Yan mata sun sami rabo daidai da maza? Yaya ake karɓa-karɓa in waya ɗaya ce yara biyar? A Yawuri akwai ƙarin tambaya, domin ana jin Hausa tare da harsunan Gungawa da Kambari da Shangawa, kuma yana da kyau a san da wane harshe aka raɗa wa abubuwan cikin wasan suna.

Na biyu, a kula da kalmomi. Bahaushe ya ari gem, ya haɗa ta da buga, kamar yadda yake buga ƙwallo da dara. Ya kuma ɗauko ci da mutuwa da rai daga rumbunsa ya ba su sabon aiki. Ya kamata masu aikin ƙamus da keɓaɓɓun kalmomi su rubuta abin da bakin jama'a ya riga ya ƙera kafin su zauna ƙirƙirar nasu. Haka kuma ya dace a ajiye 'yan wayoyi masu aiki a wuri irin Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, domin kayan tarihi ne kamar akwatin garmaho.

Na uku ya fi sauran nauyi. Tun daga tashar Kano ta 1962 har zuwa wayar 2005, matsayinmu bai sauya ba: a ƙasarmu ake kafa na'ura, a kasuwarmu ake sayar da ita, amma a wani wuri ake ƙera ta. Alhali wasa irin wannan ba ya fi ƙarfin ɗalibi ba. A 1982 Carol Shaw ta yi wa kamfanin Activision wasan River Raid, inda jirgi yake bin kogi mai gudana, kuma dukansa bai wuce kilobait huɗu ba. Babu abin da zai hana ɗalibin kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ya haɗa kai da ɗalibin Hausa su yi wanda jirginsa kwalekwale ne, fagensa kuma Kwara daga Shanga zuwa Wara, da duwatsunta da dorinarta, umurninsa kuma da Hausa.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi wasan harbi mai fage mai gudana tun daga Spacewar! na 1962, ta kan Defender da Scramble na 1981 da Gradius na 1985, har zuwa Space Impact wanda ya shigo Nijeriya tare da wayar hannu daga 2001. Mun ga cewa rashin wuta tsayayya, da faɗuwar naira, da mutuwar sulalla, su suka tare akwatin wasa a manyan birane, kuma kusanci da madatsar Kainji bai amfana wa ƙasar Yawuri kome ba a wannan fanni. Wanda ya tsallake shingen shi ne ƙaramin allo mai ɗigo 4,032 da batirin da ake caji a shago. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman waɗanda suka fito daga yankunan Jabba da Shiroro inda ake da irin waɗannan madatsu, za su gwada wannan bayani da abin da suka sani a garuruwansu, domin a ga ko hanyar ɗaya ce.